Ramuka Goma Sha Biyu a Gaɓar Kandawella

Tsohon ya saƙala yatsansa a bakin kofi kafin ya tsiyaya shayin, bai kuma ɗaga butar ba sai da zafi ya taɓa yatsan. Sufeto Malkanthi Gamage ta gani. Ta karɓi kofin da hannu biyu, ta yi kamar hankalinta yana kan teku.

"Sha, 'yar Gamage," in ji shi. "Ko kama ni kika zo yi, ba da cikin wofi za ki kama ni ba."

Sunansa Siyadoris, amma duk Kandawella Siya ake ce masa, wato kaka. Shi ne shugaban masu gadin gaɓa. Ƙarfe shida na safiyar nan aka buga waya caji ofis cewa an kwashe ƙwan kunkurun teku har gurbi shida a daren jiya, daren da shi ke bakin aiki.

A bakin hanyar shiga garin akwai allo da ake sake wa lamba duk shekara. Bana an rubuta: shekara goma sha ɗaya ba a saci gurbi ko ɗaya ba. Masu wannan gadin su ne da can suke tone ƙwan suna kai wa 'yan bammi, har da marigayi uban Malkanthi. Ita kanta ta tashi da ɗanɗanon ƙwan nan da farinsa ba ya daskarewa komai daɗewarsa a wuta. Tana shekarar ƙarshe a sakandare mazan garin suka jeru ƙarƙashin itacen Bo, itace mai tsarki na wurin ibadarsu, suka yi wa babban malamin haikali alkawarin sun daina. Duk inda aiki ya kai ta, in aka tambaye ta garinsu, sai ta ɗan gyara tsayuwa kafin ta faɗa.

"Nona, ki zo ki gane wa idonki."

Mai maganar, wanda ya kira ta Nona, wato ranki ya daɗe, sai da ya sunkuya kafin ya leƙo cikin bukkar masu gadi. Lasantha ke nan, magatakardan ƙungiyar, dogon saurayi mai farar riga da biro biyu a aljihu. Daga birni aka ɗauko shi shekara biyu da suka wuce don ya riƙe musu takardu, kuma shi ya buga wayar.

Mutane sun cika gaɓar, amma ba hayaniya. Saje Bandula, mai ƙaton ciki da saura wata bakwai ya yi ritaya, yana tsaye a tsakiyar yashi yana nuna ƙasa da sandarsa.

"Nona, ni bokona bai yi zurfi ba," ya ce, "amma a makarantarmu shida ba ta zama sha biyu."

"Me ka gani?"

"An ce gurbi shida. Ramuka kuwa goma sha biyu ne."

Malkanthi ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Kusa da kowane gurbi akwai fegi mai lamba. Daga fegin, in mutum ya fuskanci teku, ramuka biyu ne a jere. Na kusa yana da santsi da ƙarnin ƙwai. Na nesa, wanda ya wuce shi da tsawon hannu guda, yashi ne zalla. Haka abin yake a duka shidan.

Ta durƙusa ta zura hannu cikin gurbi har kafaɗa. Ba a bar ko ƙwai ɗaya ba.

"Ga abin da na tsinta a nan," in ji Lasantha. Ya ɗaga wata siririyar sanda da ta sha hannu har ta yi sheƙi. "Kowa a garin nan ya san mai ita."

Idanu suka koma kan bukkar. Da ita Siya yake soka yashi yana neman gurbi a zamanin tono.

"Ba daɗin faɗa nake ji ba," Lasantha ya ci gaba, ya ɗaga murya yadda na baya za su ji. "Amma hali zanen dutse ne. Kuma kun san sharaɗin da aka gindaya mana. Ranar da aka kama ɗan gida da sata, za a karɓe gadin daga hannunku a ba kamfani daga birni."

Shugaban masunta ya tofar da miyau, ya juya wa bukkar baya. Wasu suka bi shi.

Wayar Malkanthi ta yi ƙara. Oganta ne.

"An ce akwai sanda, akwai mai sanda," ya ce. "Me kike jira?"

"Akwai abin da bai zauna min ba, ranka ya daɗe."

"Ki zaunar da shi kafin faɗuwar rana. In ba haka ba na turo wanda ba ɗan garin ba ya ɗauko tsohon."

Ta sa Saje ya auna kowane rami daga feginsa, ya ɗauki hoto. Sa'an nan ta raɗa masa wani abu a kunne. Ya dube ta, ya dubi cikinsa.

"Ni zan cike su? Duka sha biyun?"

"Jan ƙyalle a na nesa, fari a na kusa. Ka shafe saman yadda ba mai ganewa. Ka bari sai mutane sun watse."

Ta koma bukka ta ja ƙyauren. Siya na zaune a kan tabarma, ya miƙe gurguwar ƙafarsa ta hagu da jirgin kamun kifi ya taɓa dannewa.

"Ina kake jiya da dare, Siya?"

"Inda nake kullum."

"Ka yi barci?"

"Ni? Tambayi uwarki ko ta taɓa jin Siyadoris ya yi barci a bakin aiki."

"Wata ya cika jiya. Gaɓar nan fes take kamar rana. Mutum ya tona rami goma sha biyu, ka ce ba ka gan shi ba?"

"Ban ga kowa ba."

"Sandarka fa?"

"Tana soke a rufin bukkar nan tun ranar alkawari. Hannuna bai sake taɓa ta ba."

Malkanthi ta ciro katin aikinta ta riƙe a gabansa, nisan taku biyu.

"Duba hoton Baba da na samu a akwati. Ka tuna ranar?"

Tsohon ya yi murmushi, ya gyaɗa kai. "Gamage ke nan. Dubi gashin bakin nan nasa."

Ta mayar da katin aljihu a hankali. Shirunta ne ya gaya masa. Murmushin ya gushe.

"Tun yaushe?" ta tambaya.

"Damina biyu." Ya shafa fuska. "Da rana ina ganin inuwar mutum. Da dare kuwa sai dai kunne da tafin ƙafa. Amma ki sani, 'yata, ba kunkurun da za ta hau gaɓar nan ban ji numfashinta ba. Da asuba ƙafata ke gaya min inda ta binne. Ba na kuskure."

"Me ya hana ka faɗa?"

"In faɗa a ce in je in zauna a ƙofar gida ina korar ƙuda? Gara ki rubuta ɓarawo."

"Ba zan rubuta ɓarawo ba. Wanda ya yi aikin nan bai bar rabon teku ba."

Tsohon ya ɗago kai da sauri. A zamanin tono, ko a shekarar yunwa, mutumin Kandawella ba ya share gurbi. Sai ya bar goma ya rufe, don uwar ta samu dalilin dawowa.

"Ko ɗaya?" ya ce.

"Ko ɗaya."

"Ɗan banza marar tarbiyya." Sai ya ƙara, "Na ji keke mai ƙafa uku ta bayan itatuwan kwakwa. Injinsa yana tari sau biyu kafin ya kama. Na ɗauka masu zuwa sayen kifi ne."

Kusuma, mace ɗaya tilo cikin masu gadin, tana shanya kifi a kan tabarmar igiyar kwakwa a bayan gidanta. Ba ta ɗago ba.

"In kin zo in ce Siya ɓarawo ne, ƙanwata, koma inda kika fito."

"Fegi na zo tambaya, yaya. Me ya sa ba a kafa shi a kan gurbin?"

Kusuma ta dube ta, ta dubi hagu da dama.

"Wa zai rubuta wa ɓarawo adireshi? Karnuka da guza suna bin hanci, su ba ruwansu da fegi. Mutum kuwa ido yake bi. Sai Siya ya ce a kafa fegin a gefe. Daga fegi, taku uku wajen teku, nan ƙwan yake."

"Takun wa?"

"Nasa mana. Shi ke kafawa kowace asuba." Ta miƙe, ta ja ƙafar hagu, ta yi ɗan ɗingishi sau uku har sai da Malkanthi ta danne dariya. "Haka dukkanmu muke yi in za mu duba gurbi. Mijina ya ce wata rana ƙafar za ta zauna min a haka."

"Su wa suka san wannan?"

"Mu huɗu masu gadi. Sai littafin ofis."

"Ke ina kike jiya?"

"Haikali. Ranar Poya ce, ibadar cikar wata, duk garin muna can har gari ya kusa wayewa." Ta juya wani kifi da bai buƙaci juyi ba. "Laifina ne. Duk daren da yake gadi ɗayanmu na laɓewa a bayan jiragen ruwa yana duba masa. Jiya ne kaɗai muka bar shi."

"Ashe kun sani."

"Mutumin da ke gaida turken jirgi da safe? Mun sani mana. Amma duk wanda ya bari ya gane mun sani, ni da shi ne."

Ofishin ƙungiyar ɗaki ɗaya ne a bayan makaranta. Lasantha ya ciro mabuɗi daga ɗamararsa ya buɗe durowa.

"Ba mai taɓa rajistar nan sai ni, Nona. Kafin in zo, a bayan kwalin sigari suke rubutu."

Rubutunsa tsaf, kamar na inji. Lambar fegi, ranar da aka yi ƙwan, sai layin ƙarshe: taku uku, wajen teku.

"Kana fita da su da asuba?"

"Aikina na takarda ne. Su kawo min lamba, in shigar."

"Jiya fa?"

"Ina haikali har ƙarfe goma. Daga nan na kwanta, kaina na ciwo."

Ta yi masa godiya, ta ce za ta ari littafin zuwa yamma. Ya miƙa mata da hannu ɗaya.

Da azahar ta sami Saje Bandula a shagon mai gasa gurasar roti, yashi har cikin gashin bakinsa.

"Na cike ramukanki, na kuma zaga duk rumfunan bammi daga nan har gada," ya ce. "Don aiki kawai, Nona, ban ɗanɗana ba."

"Na ji ƙanshin aikin. Me ka samo?"

"Babu ƙwai ko ɗaya. Wani ma cewa ya yi in na samu in tuna da shi. Ƙwai ɗari shida ba sa ɓuya a rumfar mashaya."

"To ba don ci aka ɗauka ba."

"Akwai kuma keken da ke tari sau biyu. Na masaukin baƙin nan ne na bayan dutse, na Dayaratne. Makaniken garin ya ce ya gaji da gaya masa ya sake fulogi."

Masaukin sabo ne, fenti bai gama bushewa ba. An jera fitilu masu ƙarfi suna kallon teku, irin waɗanda ke ruɗa 'ya'yan kunkuru su bar ruwa su nufi titi. A ƙofa an rataye ƙyalle da harsuna uku, ana gayyatar baƙi bikin buɗewa wata mai zuwa, kowa ya saki ɗan kunkuru da hannunsa. A gefe ga kwatamin siminti na zuba 'ya'yan kunkuru, ga wani fili da aka kewaye da waya, an zuba masa farin yashin gini.

Dayaratne ya fito yana gyara zoben hannunsa.

"Sufeto! Ki shigo ki sha ruwan kwakwa."

"Me ke cikin wayar nan?"

"Yashi ne. Shiri muke yi."

Malkanthi ta buɗe ƙofar wayar, ta durƙusa inda yashin ya fi laushi, ta share da tafin hannu a hankali. Farin ƙwai ya bayyana, mulmulalle, fatarsa da taushi. A jikinsa akwai ɗigo-ɗigon jan yashi mai baƙi-baƙi. A duk yankin, gaɓar Kandawella ce kaɗai ke da irinsa.

Ta mayar da yashin ta rufe.

"Yashin naka ya yi ƙwai, Malam Dayaratne," in ji Saje.

Mai masaukin ya matso bakin wayar. "To, ceto na yi. An ce min ruwa zai cinye su."

"Wa ya ce?"

"Wani tsoho. Mai ɗingishi. Shi ya kawo su cikin buhun shinkafa."

"Da kekenka?"

"Aro ya yi."

"Tsohon ne ya tuƙa?"

"Ni ban leƙa na ga mai tuƙi ba."

"Za ka maimaita wannan a gabansa?"

"Ko a gaban alƙali."

Suka kama hanyar dawowa a mota. Da suka kusa gari Saje ya yi gyaran murya.

"Sanda, ga kuma mai shaida. In Oga ya ji wannan, Nona, tsohon ya kwana a sel."

"Na sani. Ka tara min kowa a gaɓa ƙarfe biyar. Ka zo da Dayaratne."

Ƙarfe biyar garin ya fito kaf. Har babban malamin haikali ya zo da lemarsa, aka shimfiɗa masa farin ƙyalle a kan kujera. Siya na tsaye shi kaɗai a bakin bukka, ya ɗaura sabon zane, ya sa rigar da yake zuwa biki da ita. Malkanthi ta gane shirin tafiya caji ofis ya yi.

Ba ta saba magana a taro ba. Ta buɗe rajistar ta kafa mata ido don kada ta kalli fuskoki.

"Kafin in rufe rahotona ina so in fahimci littafin nan," ta ce. "Malam Lasantha, kai ne mai ilimin cikinmu. In mutum na riƙe da wannan, yaya zai gano gurbi?"

Lasantha ya gyara biro a aljihu ya fito. Yashin ya koma sumul kamar ba a taɓa tona shi ba.

"Abu mai sauƙi. Ka tsaya a fegi, ka fuskanci teku." Ya jefa dogayen ƙafafunsa. "Ɗaya, biyu, uku. Nan."

"Tsaya a wurin. Saje."

Saje Bandula ya durƙusa da nishi, ya share yashin da ke gaban takalmin Lasantha. Jan ƙyalle ya fito.

"Sake mana a fegi na gaba."

Ya sake, wannan karon ba kuzari. Jan ƙyalle. A na uku ya yi ƙoƙarin rage takun, amma ƙafa ta riga ta saba da mai ita. Ja ne dai.

"Siya, zo ka gwada," in ji Malkanthi, ta kama hannunsa kamar don girmamawa, ta kai shi har fegin farko.

Tsohon ya taɓa fegin da diddige. Ya ja ƙafar hagu, ya taka uku, ya tsaya. Saje ya share. Fari.

Kusuma ba ta jira an kira ta ba. Ta je fegi na biyu, ta karkace, ta yi ɗingishin Siya sau uku. Dariya ta ɓarke, har malamin haikali ya rufe baki da mafici. Saje ya ɗago farin ƙyalle ya kaɗa shi sama.

"Jan ƙyalle shi ne inda ɓarawon ya fara tonawa bai sami komai ba," in ji Malkanthi. "Sau shida yana wuce gurbi, sau shida yana dawowa baya. Duk wanda ya taɓa fitowa gaɓar nan da asuba ya san takun na Siya ne. Wanda ya yi aikin jiya a littafi ya karanta. Littafin kuwa mabuɗinsa ɗaya ne."

"Wannan ai wasan yara ne!" in ji Lasantha. "Ni kaɗai ne dogo a ƙasar nan? Ga mai shaida can, ku tambaye shi wa ya kai masa!"

"Wa ya gaya maka an kai wa wani? Ban faɗa wa kowa inda na sami ƙwan ba."

Lasantha ya ja da baya.

Malkanthi ta juya ga mai masaukin. "Malam Dayaratne, sayen kayan sata laifi ɗaya ne. Shaidar zur a kan tsoho laifi na biyu ne, kuma ya fi na farkon nauyi. Ga malami zaune. Nuna mana wanda ya kawo maka buhunan."

Dayaratne ya dubi lemar malamin, ya dubi taron masunta da suka matso. Ya murza zobensa.

"Shi ne," ya ce, ya nuna Lasantha da haɓa. "Shi ya ce in an tambaya in ce tsoho. Na yi masa alkawarin zama manajan wurin kunkurun in ya samo min ƙwan da za su ƙyanƙyashe kafin biki."

"Munafuki!" Lasantha ya daka masa tsawa. Sai kuma ya zauna daɓas a yashi. "Shekara biyu ina rubuta lamba a ɗakin da ko fanka babu. Da digirina! In baƙi sun zo, wa suke ɗauka hoto? Shi. Wa ake kira a rediyo? Shi. Ba kashe su na yi ba, wuri kawai na sake musu."

"A buhu ka zuba su kamar dankali," in ji Kusuma. "Ƙwan da ya kwana goma in ka juya shi ka kashe na ciki. Wannan ba ya cikin digirin?"

"Sandar fa?" Malkanthi ta tambaya.

"Ni na zare ta daga rufi. Na san in an kore shi ba mai sake duba gurbin da kyau. Kuma me ya rage masa? Na wuce ta gabansa sau huɗu da buhu a kafaɗa, mutumin da ko..."

"Sauran ka faɗa a ofis," Malkanthi ta katse shi. "Saje, ankwa."

Kusuma ma ta riga ta fara tari mai ƙarfi, sauran masu gadin biyu suka taya ta. Saje ya ɗaga Lasantha, ya haɗa hannunsa da na Dayaratne.

"Ku taka a hankali," ya ce musu. "Dogon taku ne ya kawo mu nan."

Aka ratsa da su ta tsakiyar taron zuwa mota. Ba wanda ya taɓa su. Wata tsohuwa ce kawai ta bi su da tsaki har suka shige.

Malkanthi ta kira Oga ta gaya masa mutum biyu na hanya, kuma ba ɗan Kandawella a cikinsu. Ta faɗi sunan garin da ɗan ƙarfi fiye da yadda ake buƙata.

Da ta dawo, Siya ya sa Kusuma tana karanto masa ranakun gurbin shidan daga rajista.

"Na ɗaya da na huɗu sun tafi," ya ce. "Ba su yi ƙwari ba. Sauran huɗun sun haura wata, in da rabo za su fito. Kada wanda ya sake ɗaga su. A bar su inda suke, ku raba kwana a bakin wayar nan, a kashe fitilun mutumin. Ranar da suka fito a kawo su nan cikin duhu, su taka yashin uwarsu da ƙafarsu. Ba kwatami, ba hannun baƙo."

"An gama, Siya."

Malkanthi ta matso kusa da shi, ta yi ƙasa da murya. "Ranar Laraba likitan ido yana zuwa babban asibiti. Yanar ido ce, cirewa ake yi. Zan zo da mota ƙarfe bakwai."

"A rahoton me kika rubuta?"

"Mai gadi ya ji ƙarar keke, kuma ita ta kai mu ga ɓarayi."

Tsohon ya ɗan jinjina kai. Ya lalubo kafaɗarta ya dafa sau ɗaya, ya sauke hannun.

A bayansu gardama ta kaure. Shugaban masunta yana rantsuwa shi tun safe ya san Siya ba zai aikata ba. Matarsa ta ce to wa ya tofar da miyau, akuya? Wani ya ce allon bakin hanya ba za a taɓa shi ba tunda ɓarawon baƙo ne. Wani ya ce a'a, a goge a fara daga ɗaya, gaskiya ta fi lamba, kuma su da suka kai sha ɗaya za su kai ashirin. Aka kai maganar gaban malamin haikali. Aka aika gida a kawo damin ganyen bulat, wanda ake miƙa wa babba da hannu biyu in za a nemi gafararsa, aka shiga jayayyar wa ya kamata ya fara durƙusawa.

Malkanthi ce kaɗai ke kallon wajen bukka. Siya ya karkaɗe yashin da ke bakin zanensa, ya cire takalmansa ya riƙe a hannu. Ya gangara har inda ruwa ke lasar gaɓa, ya juya hagu, ya bi jiƙaƙƙen yashin ya nufi gida.